Dala Ɗaya, Farashi Biyu: Canjin Kuɗi da Kasuwanci a Samaru da Sabon Garin Zariya

Gabatarwa

A ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi daban-daban da yake gudanarwa wuri ɗaya, ya bar mai saye da mai sayarwa su daidaita farashin dala a tsakaninsu. Kafin wannan rana dalar Amurka tana wajen naira 460 a hukumance, alhali a kasuwar bayan fage ana sayar da ita kusan naira 750. Bayan watanni takwas, wato a Fabrairun 2024, sai da ta doshi naira 1,900 a hannun 'yan canji. Ɗan kasuwar Sabon Garin Zariya da ɗalibin Samaru ba su buƙaci a karanta musu waɗannan alƙaluma ba, domin sun gan su a farashin magani, da takin zamani, da kayan gyaran mota, da takardar buga littafi.

Tun daga lokacin ake jin kira iri biyu a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo. Wasu suna cewa gwamnati ta koma ta ƙayyade wa dala farashi kamar da. Wasu kuma suna cewa a kama 'yan canji, domin su ne suke tsauwala mata kuɗi. Wannan maƙala tana ganin babu ɗaya daga cikin biyun da zai fitar da ɗan kasuwar Zariya daga halin da yake ciki. Tsadar dala ciwo ce, amma akwai abubuwa biyu da suka fi ta lahani ga ciniki da jari: rashin tsayawarta wuri ɗaya, da kuma kasancewarta da farashi biyu, na masu hanya da na sauran jama'a.

Daga Wuri Zuwa Naira

Faɗuwar darajar kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wurin da aka saba da shi daga tsibiran Maldibs yake zuwa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 sai kamfanonin Turawa, musamman na birnin Hamburg, suka riƙa jibgo wani wurin mai araha daga gaɓar Zanzibar, har kuɗin ya yi yawa ya rasa ƙima, ya kai ga kuɗin ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana cinye kaso mai tsoka na abin da aka ɗauko. Jan Hogendorn da Marion Johnson sun bi diddigin wannan tarihi a littafinsu na 1986. Darasin da ke ciki bai tsufa ba: idan kuɗi ya fi kayan da zai saya yawa, dole ya karye.

Harshen Hausa ya adana sawun wannan tarihi. Kalmar dala ta fara ne da tsabar azurfar nan, ta koma nufin sule biyu a zamanin Ingilishi, yau kuma a Jamhuriyar Nijar tana nufin sefa 5. Jaka ta taɓa zama fam 100, da aka fito da naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, a kan naira biyu fam ɗaya, sai ta zama naira 200. A 1980, lokacin da dala ɗaya take wajen kwabo 55, jaka guda ta haura dala 350. A farashin naira 1,500 kuwa, ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na dala ɗaya ba. Kalmar tana nan a bakin mutane, nauyinta ne ya tafi.

Shi kansa Sabon Gari cinikin ƙasa da ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha, Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya ta kafa injin gurza, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa suka sauka. Auduga da gyaɗa da fatu suna fita, yadi da gishiri da kananzir suna shigowa. A wancan zamani yankin Zariya yana cikin masu samo wa ƙasa kuɗin waje. Yau yana cikin masu neman sa. Wannan juyi shi ne tushen maganar, kuma za a dawo gare shi.

Yadda Canji Yake Shiga Rumfa

Mafi yawan 'yan kasuwar Sabon Gari ba sa taɓa dala da hannunsu. Suna sari ne daga Kano, ko Anaca, ko Legas, wurin manyan diloli masu kawo kaya daga Sin, Dubai, Indiya da Turkiyya. Duk da haka dala tana cikin kowane katan. Tana shiga sau ɗaya lokacin da aka biya masana'anta, ta sake shiga a kuɗin jirgin ruwa, ta kuma shiga a harajin kwastan, domin da farashin canji na ranar ake lissafa shi. Man dizal da motar da ta ɗauko kayan daga Legas ta sha shi ma da farashin duniya yake tafiya.

A ɗauki misali. Ɗan kasuwa ya sari katan na dala 100 lokacin da dala take naira 750, wato naira 75,000. Ya sayar a kan naira 90,000, yana ganin ya ci ribar naira 15,000. Da ya koma sari sai ya tarar dala ta kai naira 1,500, katan ya zama naira 150,000. Uwar kuɗi da ribar gaba ɗaya kashi 60 cikin ɗari na katan ɗin kawai za su saya. A littafinsa ya ci riba, a rumfarsa kuwa kaya sun ragu. Wannan ne ya sa mai wayo yake sa wa tsohon kaya farashin da zai iya maye gurbinsa da shi, mai saye kuma yana kallon hakan a matsayin zalunci.

Watannin farko na 2024 sun nuna yadda rashin tabbas yake karya mutum ta kowace fuska. Dalar da ta doshi naira 1,900 a Fabrairu ta sauko wajen naira 1,100 a tsakiyar Afrilu, sannan ta koma kusan naira 1,500 a Mayu. Wanda ya yi sari a Fabrairu ya wayi gari a Afrilu da kayan da suka fi na maƙwabcinsa tsada. Wanda ya rage farashi a Afrilu ya rasa abin da zai sake sari da shi a Mayu. A irin wannan yanayi abu na farko da yake mutuwa shi ne bashi. Dilan da ya saba ba da kaya a biya bayan wata guda ba zai iya ba, tunda bai san darajar abin da za a biya shi ba. Ciniki a ƙasar Hausa kuwa a kan amana da bashin sari aka gina shi, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne yake fara durƙushewa idan aka ce sai tsaba. Dala mai tsada wadda ta tsaya wuri ɗaya ana iya yi mata lissafi a saba da ita. Wadda take tsalle kullum ba ta barin kowa ya tsara ko da wata uku na gaba.

Wa Farashin Hukuma Ya Amfana?

Masu kiran a koma ƙayyade farashi suna tuna lokacin da dala take naira 197 ko 460. Tambayar da ta kamata ita ce: a hannun wa take a wannan farashi? A watan Yunin 2015, bayan ɗanyen mai ya fara faɗuwar da ta kai shi daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya hana kaya iri 41 samun dala daga kasuwar hukuma. A cikinsu akwai shinkafa, yadi da tufafi, sabulu da kayan kwalliya, tumatirin gwangwani, kwanukan tasa, kayan girki, kwanon rufi da baro. Wanda ya zaga kasuwar Sabon Gari zai ga cewa wannan jeri kusan sunayen rumfunanta ne. Ke nan tun 2015 har zuwa Oktoban 2023 da aka janye haramcin, yawancin kayan da talakan Zariya yake saya da dalar bayan fage aka kawo su. Rangwamen hukuma bai iso gare shi ba.

Inda ya isa kuwa sananne ne. Duk wanda ya sami dala miliyan ɗaya a kan naira 460 ya sayar a kan 750 ya sami naira miliyan 290 ba tare da ya noma ko ya ƙera komai ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, wanda ya shugabanci Babban Banki daga 2009 zuwa 2014, ya yi wannan gargaɗi a bainar jama'a a 2016, inda ya nuna cewa mai hanya zai iya zama a gidansa da wayar tarho ya tara dukiya daga ratar da ke tsakanin farashin biyu. Ba sabon abu ba ne. A zamanin Janar Sani Abacha an tsayar da dala a kan naira 22 a hukumance na tsawon shekaru, alhali a sauran kasuwanni ta haura naira 80. A duk lokacin da aka yi haka, hanyar arziki mafi sauƙi takan zama sanin wani a banki ko a ma'aikata, masu basira da jari kuma su bar masana'anta su bi layin takarda.

Farashi biyu yana kuma korar dalar da ya kamata ta shigo. Mai fitar da riɗi ko citta wanda aka tilasta wa ya miƙa dalarsa a farashin hukuma zai nemi hanyar ɓoye ta. 'Yan Nijeriya mazauna ƙetare, waɗanda suke aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, za su bi ta hannun mutane maimakon banki. Sai asusun hukuma ya ƙara bushewa, ratar ta ƙara faɗi.

Mai Zuba Jari da Ƙofar Fita

Unguwar PZ, inda bankunan Sabon Gari suka fi taruwa, ta sami sunanta ne daga kamfanin Paterson Zochonis, wanda ya fara kasuwanci a Nijeriya a 1899, yau kuma ake kira PZ Cussons. Faɗuwar naira ta 2023 da 2024 ta jawo wa reshensa na Nijeriya asarar canji mai girman da bashin da ake bin sa ya zarce kadarorinsa, domin bashin na dala ne, cinikin kuwa na naira. A Afrilun 2024 uwar kamfanin da ke Ingila ta sanar da cewa tana sake nazarin makomar harkokinta a Afirka. MTN Nijeriya ya bayyana faɗuwar naira biliyan 137 a 2023 saboda dalili makamancin wannan. GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Agustan 2023, Procter & Gamble kuma ya daina sarrafa kaya a cikin ƙasa a ƙarshen shekarar. Masu jinya a Shika da masu kemis a Sabon Gari sun ji tasirin na farkon a farashin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta.

Lissafin baƙon mai jari mai sauƙi ne. A ce ya kawo dala miliyan ɗaya a kan naira 460, ya sami naira miliyan 460, ya juya su ya ci ribar kashi 30 cikin ɗari, suka zama naira miliyan 598. Idan ya tashi komawa gida dala tana naira 1,500, abin da zai fita da shi bai kai dala 400,000 ba. Sai dai abin lura shi ne, tun kafin naira ta faɗi a hukumance masu jari suka fara janyewa, saboda ƙofar fita a rufe take. A tsakiyar 2023 kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje da suka maƙale a Nijeriya sun haura dala miliyan 800, Emirates ya riga ya dakatar da zirga-zirga a 2022, Babban Banki kuma yana ɗauke da alkawuran dala na kusan biliyan 7 da bai cika ba. Farashin da babu mai samun kaya a kansa suna ne kawai a takarda. Ba wanda zai shiga ɗakin da bai ga ƙofar fita ba, kuma masana'antun da ake fatan su dawo Chikaji da Dakace da wannan ido suke kallon ƙasar.

Samaru: Jami'a da Gona

A Samaru matsalar tana da fuska biyu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana samun kuɗinta da naira, amma sinadaran ɗakin gwaji, da na'urori, da mujallun ilimi na duniya, da kuɗin wallafa maƙala a wasunsu, duk da dala ko fam ko yuro ake biya. Tallafin binciken da aka tsara a farkon 2023 ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa kafin a kai ga kashe shi. A 2022 bankuna sun rage abin da katin naira zai iya saya a ƙetare zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, abin da ya sa ko sayen littafi ɗaya ta intanet ya zama aiki. Asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025, tsadar canji kuma tana cikin dalilan da ya bayar. Adabin Hausa ma bai tsira ba. Garin da ya haifi Kamfanin Gaskiya a 1945 da Kamfanin Buga Littattafai na Arewa a 1966 ya dogara ne da takardar da ake shigo da ita, tun da masana'antun takarda na Jebba, Oku-Iboku da Iwopin suka daina biyan buƙatar ƙasa.

Fuska ta biyu ita ce gona. A ƙa'idar tattalin arziki, kuɗin da ya faɗi yakan taimaki mai fitar da kaya, domin kayansa sun yi araha ga baƙo. An ga hakan a kan iyaka. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, saboda haka da naira ta faɗi, jikka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000, hatsin Giwa da Dawanau ya zama garaɓasa ga mai saye daga Maraɗi. A Fabrairun 2024 hukumomi sun riƙa tare manyan motocin hatsi da suka nufi kan iyaka. Manomin masara ya ga farashin da bai taɓa gani ba, amma murnar ba ta daɗe ba. Sinadaran takin zamani ana kawo wasunsu daga Maroko da Rasha, maganin feshi da injin ban-ruwa daga Sin. A Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, farashin hatsi ya sauko a 2025, na taki kuwa ya tsaya a sama. Manomi ya sayi kayan noma da farashin dala, ya sayar da amfani da farashin da siyasa ta taɓa.

'Yan Canji: Na Bakin Titi da Na Cikin Waya

Sana'ar canji ta daɗe a hannun Hausawa, daga kasuwar Wapa da ke Fagge a Kano zuwa Abuja da Legas, har ta kai ga a kudancin ƙasar kalmar aboki ta zama laƙabin mai sayar da dala. Shafin abokiFX, wanda yake wallafa farashin bayan fage, daga nan ya ari sunansa, kuma ya daina wallafawa a Satumbar 2021 bayan Gwamnan Babban Banki ya zarge shi da karya naira. A Yulin 2021 an daina sayar wa kamfanonin canji dala. A Fabrairun 2024 an tsare jami'an Binance biyu, a Maris kuma aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Bayan matakan 2021 dala ci gaba ta yi da hawa. Akwai masu ɓoye dala don ta yi tsada, akwai masu halatta kuɗin haram, kuma doka ta hau kansu daidai ne. Amma ɗan canji ba shi yake samar da dala ba, ba shi yake ƙirƙiro buƙatarta ba. Mahajjaci, da mai jinya a Masar ko Indiya, da uban ɗalibi, da ɗan kasuwar da banki ya mayar, su ne suke zuwa wurinsa. Fasa madubi ba ya gyara fuska.

Haɗarin da ya fi kusa da matasan Samaru yana cikin waya ne. Ganin naira tana narkewa ya sa da yawa suka koma adana kuɗi a kuɗin intanet mai bin darajar dala, wasu kuma suka shiga cinikin canji na manhaja, inda ake hasashen ko yuro zai hau kan dala ko zai sauka. A 2022 kasuwar canji ta duniya ta riƙa juya kusan dala tiriliyan 7.5 a kullum, kuma manyan bankuna ne suka mamaye ta. Ƙaramin ɗan wasa dillali yakan ba shi damar juya abin da ya ninka jarinsa sau ɗari, wanda yake nufin motsin kashi ɗaya cikin ɗari a gefen da bai zata ba ya isa ya share kuɗinsa duka. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta gano a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na irin waɗannan ƙananan asusu asara suke yi. A bayan wannan kuma akwai 'yan damfara masu fakewa da sunan canji, irin su CBEX da ya rushe a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ya rushe a Disambar 2016. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau, irin su Risala da Mukhtasar, sun shardanta wa musayar kuɗi da kuɗi karɓa hannu da hannu a zama ɗaya. Ɗan canjin bakin titi yana cika wannan sharaɗi a bayyane. Wanda yake cinikin kuɗin da bai mallaka ba, da bashin da ake caje shi ruwa a kansa idan ya kwana, yana da tambayoyin da ya kamata ya kai wa malamai kafin ya sa jarinsa.

Hujjar Da Ba Za a Raina Ba

Suka mafi ƙarfi ga sakin naira daga Samaru ta fito. A 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki ta kuma buɗe kasuwar gwanjon dala a watan Satumba, Dokta Yusufu Bala Usman ya wallafa littafinsa na adawa da Asusun Lamuni na Duniya, inda ya yi kira da a gina tattalin arziki a kan kasuwar cikin gida. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, ƙasar da mai kaɗai take sayarwa, wanda dama da dala ake cinikinsa, ba ta da abin da zai ƙaru wajen fitarwa idan kuɗinta ya faɗi. Abin da zai ƙaru shi ne tsadar rayuwa. Tarihi ya ba su gaskiya mai yawa. Masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kujerar aikin Hajji da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. An kuma saki naira ne makonni biyu bayan cire tallafin man fetur, ba tare da an tanadi abin da zai rage wa talaka raɗaɗi ba.

Sai dai wannan hujja tana nuna inda ciwon yake ne, ba ta tabbatar da cewa ƙayyade farashi magani ne ba. Naira mai ƙarfi ta shekarun 1970, wadda kuɗin mai ya ɗaga, ita ce ta sa shinkafa da yadin waje suka fi na gida araha, ta kuma rage wa manomin auduga da gyaɗa abin da yake samu, a daidai lokacin da fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka riga suka raunana shi. Shekarun da ake tunawa da su a matsayin zamanin darajar naira su ne shekarun da dalar gyaɗa ta ɓace a Kano. Har yau mai da iskar gas ne suke kawo fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kayan da ƙasar take fitarwa a yawancin shekaru. Muddin haka abin yake, umarni ba zai samar da dalar da babu ita ba, sai dai ya zaɓi wanda zai sami 'yar kaɗan ɗin da ke akwai.

Kammalawa

A tsawon 2025 dala ta fi zama tsakanin naira 1,400 da 1,650, ratar da ke tsakanin banki da bayan fage kuma ta ragu ƙwarai. Wannan natsuwa an saye ta da tsada, kuma yayin da zaɓe yake ƙaratowa matsin lambar a koma rabon dala mai rangwame zai ƙaru. Ya kamata a bar farashi ɗaya, a bayyane, wanda ɗan kasuwar Sabon Gari zai iya saye a kansa daidai da babban kamfanin Legas, tare da sauƙaƙa takardun da banki yake nema daga mai ƙaramin oda. Sharaɗin jarin naira miliyan 500 da aka ɗora wa ƙananan kamfanonin canji a Mayun 2024 ya fi ƙarfin yawancin masu sana'ar, kuma idan ba su haɗa jari sun yi rajista tare ba, za su ci gaba da aiki a wajen idon doka.

Babban aikin kuwa yana tsakanin Samaru da Sabon Gari. Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta yake komawa 1922, ta fitar da ire-iren masara, dawa, wake, gyaɗa da auduga masu ɗauke da sunan Samaru, a gefenta kuma akwai cibiyar binciken fata da ƙirgi. Abin da ya yanke shi ne hanyar da take kai wannan ilimi ga injin gurza, da matsar mai, da majema, da kwantenar da za ta fita. Wannan yana buƙatar lantarki, da tsaro a gonakin Giwa da Birnin Gwari, da manufar shigo da abinci wadda ba za ta sauya a tsakiyar damina ba.

Masana Hausa suna da nasu kason. Kalmar canji ita kaɗai tana ɗauke da ma'anar ƙananan kuɗi, da musayar kuɗin ƙasashe, da sauya takardun kuɗi irin na 1984 da 2023. A kafafen yaɗa labarai ana cakuɗa karya darajar naira da gangan da faɗuwarta a kasuwa, kuma babu tsayayyun kalmomi ga yawancin dabarun da ake yaudarar matasa da su a manhajoji. Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya jagoranci samar da ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka da Sashen Tattalin Arziki, waɗanda suke harabar jami'a ɗaya, za su iya yin makamancinsa ga harkar kuɗi, su fara da tattara kalmomin da 'yan canji da 'yan sari suke amfani da su tun kafin dattawan sana'ar su ƙare.